Kaska Ta Bi Sawun Ruwa

Ko shayin safe ba a gama sha ba a cibiyar gwajin ruwa labarin ya fashe. Yaran unguwar da ke bayan tsohuwar masana'antar batir sai kwanciya suke a asibiti, wani cikinsa na murɗawa, wani ya daina gane uwarsa, likitoci kuma sun ce gubar dalma ce. Aka ɗebi ruwan rijiyoyin unguwar aka kai wani ɗakin gwaji daban, sai ga dalma kamar da cokali aka zuba ta. Alhali 'yan watanni baya cibiyar nan ce ta gwada rijiyoyin, ta buga hatimi ta ce ruwa lafiya lau, kowa ya sha. Sunan da ke ƙasan sakamakon kuwa na Auta ne.

Kafin azahar ma'aikata sun gama yanke masa hukunci a bakin firij. Wanda jiya suka ci abinci tare ya ce shi dama bai yarda da shirun yaron nan ba. Wata ta rantse ta taɓa ganinsa yana gyangyaɗi gaban na'ura. Dakta, mataimakin shugaba, wanda shi ya koya wa Auta aiki tun yana ɗan koyo, shi ya raka shi har bakin ƙofa, hannunsa a kafaɗarsa, yana cewa, "Yi haƙuri ɗana, Allah zai fitar da gaskiya." Aka ce Auta ya zauna gida har kwamiti ya zauna, daga nan sai kotu.

Abin da suka manta shi ne Auta yana da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, a bene na biyu. Aikinta bin sawun sakamako. Idan aka ba ta lamba ɗaya daga rahoto, sai ta koma da ita baya: wace na'ura ta fitar da ita, wane hannu ya ɗora kwalbar, wa ya ɗauko kwalbar, daga wace rijiya. Ba ta saki sai ta kai bakin rijiyar, shi ya sa suke kiranta Kaska, a bayan idonta da farko, daga baya har a gabanta, don ta nuna ba ta damu ba.

Shugaba ya kira ta ofis. Dattijo ne mai son zaman lafiya, ya kusa ritaya, yana ta fatan ya fita ba tare da tabo ba.

"Ƙaninki ne, saboda haka ba da hannunki a binciken nan," in ji shi.

"Na ji, ranka ya daɗe."

"Kin ji, ko kin yarda?"

"Na ji dai."

Ya cire tabarau ya murza ido. "To ni ban gan ki ba. Amma duk abin da za ki kawo mini, ya zama wanda zan iya gwadawa da hannuna."

A gida ta tarar da Auta zaune a gefen gado, fuskarsa ga bango. Matasan unguwar da abin ya shafa sun zo sun farfasa gilashin taga, Umma ta share amma ƙasan labule yana ta ƙyalli. Bai ci ba, bai yi magana ba. Kaska ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙeyarsa, ƙeyar da ta sha goyawa, zuciyarta na tafasa. Ba tausayi ne ya fi yawa a ranta ba, gaskiya, so take ta ga wanda ya yi wannan aiki yana kuka a gaban mutane.

*

Kowa ya san inda ake fara zargi a irin wannan harka, wato wurin mai ɗebo ruwa. An sha kama masu ƙyuyar zuwa ƙauye suna cika kwalabe a famfon gefen titi. Ta sami direban cibiyar, wanda ake kira Guguwa saboda tuƙinsa, a ƙarƙashin mota yana ƙoƙarin kwance wani abu.

"Fito, Guguwa. Ruwan unguwar batir, ina ka ɗebo shi?"

Ya zuro kai, duk baƙin mai. "Haba Anti! A rijiya mana, ko a sama zan ɗebo?"

"Famfon gidan mai ya fi kusa."

"Wallahi kin cuce ni." Ya fito gaba ɗaya, ya naɗe ƙafar wando ya nuna mata tabon haƙora a ƙwauri. "Karen gidan rijiya ta ƙarshe ne ya yi mini wannan. Je ki tambayi matar gidan, ita ta wanke mini da sabulu tana dariya. Famfon gidan mai yana cizo ne?"

Ta je. Matar gidan ta tuna da shi sarai, sauran gidajen ma haka, har wani tsoho ya ce direban ya zubar masa da guga a rijiya bai biya ba. Amma da suka gane daga cibiyar take, fuskoki suka canza. Wata uwa ta fito da yarinya a kafaɗa, idon yarinyar a buɗe amma ba ta kallon komai, ta ce, "Ku ne kuka ce mu sha." Kaska ta koma mota tana jin kamar ta haɗiyi garwashi.

To ruwa dai daga rijiya ya taso, wannan ta tabbata. Saura ta san ko shi ne ya isa bakin na'ura.

Na'urar cibiyar ba dalma kaɗai take gani ba. In ta tsotsi ruwa, kusan duk ƙarfe da gishirin da ke cikinsa sai ta auna. Rahoto dai abin da aka tambaya kawai yake ɗauka, sauran yana nan kwance cikin na'urar, babu mai waiwayarsa. Kaska ta buɗe na ranar da Auta ya yi gwajin, ta jera sakamakon rijiyoyin kusa da juna. Rijiya da rijiya ba sa zama ɗaya ko da katanga ce kawai tsakaninsu, kowace da ɗanɗanon ƙasarta. Waɗannan kuwa duk iri ɗaya sak, kamar daga tulu guda aka tsiyaye su. Ga tagulla mai yawa da ba ta da dalili, ga wani gishiri da ba a samunsa a ƙasar yankin.

Tagulla ta sa ta zargi tsofaffin bututun ginin. Ta bi famfo famfo da 'yan kwalabenta, na ɗakin gwaji, na banɗakin maza da na mata, na bayan gida inda ake wanke mota, har ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ta tara. Ma'aikata suna leƙenta suna ƙus-ƙus, wai baƙin ciki ya taɓa mata kai. Babu wanda ya yi daidai, ko kusa.

*

Ɗakin wankin kwalabe yana can ƙarshen baranda, kullum da warin asid. Mai wankin, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta taɓa yin faɗa da Auta a kan kwalbar da ya fasa, kuma mutane sun tuna wa Kaska da hakan fiye da sau ɗaya.

"An ce kina jin haushinsa, Gwaggo."

Gwaggo ta cire safar hannu ta jefa cikin baho. "Ni? In ina jin haushin mutum a fuskarsa nake zazzage masa, ba na bin ta bayan gida. Yaron da yake ɗaukar mini bokiti? Ke dai tambayi abin da kika zo tambaya."

Ƙa'idar cibiyar ita ce, duk kwandon kwalaben da ba a gwada ba ana ɗaura masa jar roba a hannu. In an gama gwaji a cire robar, sai kowa ya san ruwan ciki na zubarwa ne. Kwalaben kuma ba a wanke su da gaggawa, sai sun kwana sun wuni cikin asid, don haka kullum ƙarancinsu ake, manya har rige-rige suke a kansu.

"A makon da aka kawo ruwan unguwar batir, wa ya matsa miki da neman kwalba?"

"Wa kuwa in ba Dakta ba? Yana wani babban gwajinsa, wanda aka ce shi zai ba shi kujerar Shugaba. Ya zo yana ta faɗa, na ce babu, in yana sauri ya duba ɗakin sanyi ko akwai kwandon da aka gama da shi, ya zubar ya kawo mini in jiƙa."

"Ya kawo?"

Gwaggo ta ce, "Kin ga kuwa bai kawo ba. Can da yamma na gamu da shi a matakala, hannun rigarsa jiƙe har gwiwar hannu. Na ce Dakta ina kwalaben, ya ce in bar shi kawai, ba ya buƙatarsu kuma. Har na yi mamaki, mutumin da ko hannu zai wanke sai ya naɗe riga."

Kaska ta yi godiya ta fita. Dakta! Wanda ya zo gidansu da lemo, ya zauna kusa da Umma yana share ƙwalla. Sai dai jiƙaƙƙen hannun riga ba hujja ba ne, kuma har yanzu ba ta san inda ruwan ya fito ba.

Ta ƙwanƙwasa ofishinsa da fuskar mai neman shawara. Ya tarbe ta hannu biyu-biyu.

"Shigo ƙanwata, zauna. Yaya jikin Umma? Yaya ɗana? Wallahi barci ba na iya yi saboda yaron nan."

"Sai haƙuri, Dakta."

Yana ta magana a kan ƙuruciya da kuskure, da yadda zai roƙi kwamiti su sassauta. Ita kuwa idonta ya wuce kafaɗarsa. A jikin bango akwai babban akwatin gilashi cike da ruwa, 'yan kifaye masu launi suna kai da kawowa. Shekaru tana ganinsa ba ta taɓa kallonsa ba. A kan murfin ga gwangwanin gishiri, ga wata 'yar kwalba mai shuɗin ruwa.

"Kifayen nan suna da kyau," ta ce. "Wannan shuɗin fa, abincinsu ne?"

Fuskarsa ta washe, an taɓo inda yake so. "A'a, magani ne. Watannin baya farin ƙurji ya kama su, saura kaɗan in rasa su duka. Tagulla ce a ciki, ita ke kashe ƙwayar. Gishirin ma na musamman ne, daga waje ake kawo mini. Ai ba na bari kowa ya taɓa akwatin nan, ko mai shara."

"Allah sarki," in ji Kaska. Ta miƙe ta yi masa sallama da ladabi, har da ɗan rusunawa.

*

Ranar zaman kwamiti ta roƙi Shugaba abu ɗaya, a yi zaman a ofishin Dakta tunda ya fi faɗi. Aka jera kujeru. Ga mutanen kwamiti daga ma'aikatar lafiya, ga Shugaba, ga Guguwa yana ta karkaɗa ƙafa, ga Gwaggo ta harɗe hannu. Auta bai zo ba. Dakta da kansa ya rarraba ruwan sha.

Da aka ba ta dama, ba ta yi doguwar magana ba. Ta ajiye sabuwar kwalba a gaban Shugaba.

"Ranka ya daɗe, ka ce in kawo abin da za ka gwada da hannunka. Ban taɓa ruwan can ba, kada a ce ni na zuba wani abu. Ka ɗiba da kanka, daga ƙasa kusa da tsakuwa, ka kai na'ura da kanka, mutanen nan su bi ka."

"Wane ruwa?"

Ta nuna akwatin kifin.

Dakta ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. "Ƙanwata, wannan wane irin wasa ne?"

"Ni ba ƙanwarka ba ce."

Shugaba ya naɗe hannun riga ya ɗiba. Aka ɗunguma zuwa ɗakin na'ura, aka tsaya cirko-cirko har ta gama tsotsa. Da sakamakon ya fito, Kaska ta ajiye shi gefen na rijiyoyin. Tagullar ta ragu saboda an sha canza ruwa, amma tana nan, tsakuwa ta riƙe ta. Baƙon gishirin kuwa ya zauna daram, layi bisa layi. Babbar 'yar kwamitin ta duba, ta sake dubawa, ta ɗago kai ta kalli Dakta.

Kaska ta juya gare shi, daɗi da fushi sun cika ta.

"Ka shiga ɗakin sanyi kana sauri, ka ɗauki kwando ba ka duba jar roba ba, ka tuttular da ruwan mutane a magudana. Da ka ga robar, abin da ya rage kawai ka ce na yi kuskure, a tura Guguwa ya sake ɗebowa. Amma mai neman kujera ba ya kuskure, ko? Ruwan famfo kowa a nan ya san kamanninsa, tataccen ruwa kuma zai fito fanko a gane. Sai ka nemi ruwan da ya yi kama da mai rai, ka tsoma hannu har gwiwa cikin akwatin kifinka, ka ɗiga asid kamar yadda ake yi wa ruwan gwaji, ka mayar da kwando. Ka warkar da kifayenka, Dakta. Ka je ka ga yaran?"

Guguwa ya ce, "La ilaha illallahu!" Gwaggo ta tofar da yawu a gefe, a tsakiyar ɗakin na'urar da ko ƙura ba a yarda da ita.

Dakta ya nemi kujera ya zauna. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, kuma Kaska ta ƙura masa ido don kada ko ɗigo ɗaya ya wuce ta. Amma tsohon hannu ne. Ya share fuska, ya sassauta murya.

"Na zubar, ban musa ba. Na cika su da ruwan akwatin don wani gwaji nawa, na manta ban cire sunayen rijiyoyin ba. Ban taɓa sanin kwandon ya koma layin gwaji ba. Da na sani, wallahi da na tsayar. Sakaci ne, kuma na ɗauka."

Ƙarya ce tsirara, kowa a ɗakin ya ji warinta, sai dai babu na'urar da ke auna abin da mutum ya sani. Kwamiti suka keɓe, suka dawo. An wanke Auta, ruwan da aka ba shi ya gwada. Dakta kuma zai ajiye aiki saboda sakaci, ba batun kotu. Yana fita har ya iya gyara zaman hularsa.

*

Ta iso gida da la'asar, rabin zuciyarta fari, rabi baƙi. Umma ta fashe da kuka ta shiga kicin da gudu ta ɗora tukunya. Kaska ta zauna kusa da Auta a gefen gado ta kwashe komai ta faɗa masa, har tofin Gwaggo.

"An wanke ka tas. Ranar Litinin za ka koma aiki, kuma duk wanda ya yi da kai sai ya gaishe ka. Abu ɗaya ke ci mini rai, mugun nan ya sulale. Wai bai sani ba! Zai koma gida ya ci gaba da kiwon kifi."

Umma ta kawo abinci ta koma. Auta ya ɗauki cokali, ya kai loma biyu, ya ajiye.

"Ya sani, Yaya."

Muryarsa ta dushe don daɗewa ba a yi amfani da ita ba.

"Ranar da na yi gwajin na ga rijiyoyin sun fito iri ɗaya. Na ga tagullar ma. Na ɗauka na kai masa ofis, na ce Malam wannan bai yi kama da ruwan rijiya ba, a sake ɗebowa. Ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce unguwar duk jijiyar ruwa ɗaya ce, kada in mayar da kaina abin dariya, in sa hannu kawai." Ya ture kwanon abincin gefe. "Ban yarda da maganarsa ba, Yaya. Amma na sa."

Wani irin daɗi ya tsarga wa Kaska tun daga tafin ƙafa. Ga shi nan, abin da na'ura ta kasa aunawa. Da wannan Dakta ba murabus zai yi ba, gidan yari zai tafi.

"Za ka iya maimaita wannan gaban kwamiti?"

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta ce. In ya maimaita, wankewar da aka yi masa yau ta rushe. Wanda ya ga alama ya sa hannu ba zai sake taɓa na'ura ba har abada, kuma a kotu kusa da Dakta za a tsayar da shi.

Auta ya juyo ya kalle ta, karo na farko tun da abin ya faru, ya yi ɗan murmushi.

"Na san abin da za ki fara tambaya ke nan."

"A'a, tsaya. Ban ce komai ba. Wa ya ji ku? Babu kowa, ko? To ni ma ban ji ba. Ci abincinka."

Ya sunkuya ya jawo takalminsa daga ƙarƙashin gado, ya kaɗe ƙurar da ta taru a kai.

"Auta, don girman Allah. Bar shi ya tafi da kifinsa, na haƙura. Wallahi na haƙura!"

"Mutanen kwamitin suna nan har yanzu?"

Ta riƙe masa hannun riga. Ya zare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ya miƙe. Daga kicin Umma ta ɗaga murya, cike da fara'a, tana tambaya ko a ƙaro masa.